Ta yaya ake gane ƙaramin asibitin unguwa da za a iya damƙa wa amanar tsohuwa mai hawan jini da sukari?

Abban Sadiq:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa, musamman waɗanda suka san aikin asibiti daga ciki. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, tana fama da hawan jini da ciwon sukari, kuma tun da aka gano mata su, a wani babban asibitin gwamnati a nan Kano ake duba ta. Ba mu da ƙorafi a kan ƙwarewar likitocin can, sai dai wahalar ta fara fin ƙarfin tsohuwa, domin sai an fita bayan sallar asuba a kama layin kati, a wuni a kan benci, kuma kusan kowane zuwa sabon likita ake tararwa, wanda sai an sake yi masa bayani tun daga farko.

A unguwarmu akwai wani ƙaramin asibitin kuɗi na likita ɗaya, da ma'aikatan jinya kaɗan, da ɗan ɗakin gwaji, da kantar magani a bakin ƙofa. Yayyena suna ganin a mayar da ita can, ta samu likita guda da zai san ta, ya san tarihin ciwonta. Maƙwabta suna yabon wurin, amma yabon nasu ne ya sa jikina ya yi sanyi, domin abin da suke faɗa shi ne ba a ɓata wa mutum lokaci, da zuwansa za a yi masa allura a ɗaura masa ruwa. Ta yaya wanda bai karanci likitanci ba zai gane cewa irin wannan wuri yana aiki bisa ƙa'ida? Me ya kamata in duba, kuma wace alama ce idan na gan ta zan haƙura da wurin?

Hajiya Maman Ummi:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, kai kuma ɗana Allah ya yi maka albarka da ka tsaya bincike kafin ka kai ta. Na yi aikin jinya a asibitin gwamnati da na kuɗi har na yi ritaya, don haka zan tsaya a kan abin da idonka zai iya gani.

Kada fenti da tayil da talabijin ɗin ɗakin jira su ɗauke maka hankali. Ka nemi dalilin da zai kai ka ɗakin allura, ko da rakiyar wani ce, ka lura da hannun ma'aikaciyar. Tana wanke shi da sabulu, ko ta shafa man tsabtace hannu, tsakanin wannan majinyaci da wancan? Safar hannu ba ta ɗauke wanke hannu, kuma wadda ta sa safa ɗaya tun safe tana taɓa kowa da ita, gara ma a ce ba ta sa ba. Sirinji da allura dole ne a yaga ledarsu a gabanka, kuma da an gama a jefa su cikin kwalin nan na musamman da aka tanada don allurai, ba cikin bokitin shara ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne in ga kwalbar magani an soke allura a murfinta an bar ta a tsaye ana ta ɗiba, ko ledar ruwa guda a rataye ana zuƙa daga cikinta ana haɗa wa mutane daban-daban allura. Ta irin wannan hanya ce ciwon hanta nau'in B da C da cutar ƙanjamau suke yaɗuwa. A 2019, a garin Ratodero na ƙasar Pakistan, an gano ɗaruruwan yara ɗauke da ƙanjamau alhali mafi yawan iyayensu ba su da ita, kuma bincike ya danganta abin da maimaita allura da kayan ƙarin ruwa a wuraren shan magani.

Tunda hawan jini ne ciwonta, ka kula da yadda ake awon. Bai kamata tsohuwa ta sauko daga adaidaita-sahu tana haki a ɗaura mata abin awo nan take ba. A bar ta ta zauna kamar minti 5, bayanta a jingine, ƙafafunta a ƙasa, hannunta a kan tebur daidai ƙirjinta, kuma madaurin ya dace da kaurin damtsenta, domin ƙaramin madauri a babban damtse yana nuna jini ya hau fiye da yadda yake. Sannan a faɗa muku lambar, a rubuta ta a fayil. Idan aka ce muku kawai ya ɗan hau, ko ya sauka, ba a yi muku adalci ba. Haka abin tsira yatsa na gwajin sukari, kowane mutum da nasa sabo.

A ƙarshe, farar riga ba shaida ba ce. Asibitocin kuɗi da dama suna ɗaukar yara su koya musu allura a cikin gida, mutane kuma su riƙa kiransu nas. Ka tambaya cikin ladabi ko a kowane lokaci, har da dare, akwai mai rajista da hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa a bakin aiki.

Malam Mai Haɗa Magani:

Hajiya ta gama magana a kan allura. Ni zan tsaya a kan kantar nan ta bakin ƙofa, domin a ganina can haɗarin ya fi ɓuya. Har yanzu akwai asibitocin da ke ƙirga ƙwayoyi su zuba a 'yar leda, a zana layi biyu ko uku a jiki, ba suna ba ƙarfi, wai don kada majinyaci ya gane maganin ya je kemis ya saya da kansa. Ga mai ciwon da zai sha magani iyakar rayuwarsa, wannan ganganci ne. Ranar da aka kwashe ta cikin dare zuwa wani asibiti, likitan can zai tambaya me take sha, ku kuma abin da za ku iya cewa shi ne fara ƙarama da safe, ja da dare. Ka nemi a rubuta sunan kowane magani da ƙarfinsa da yadda ake shansa. Wurin da ya hana ka wannan, a nan maganarku ta ƙare.

Abu na biyu shi ne likitan da ba ya tambayar abin da majinyaci yake sha a gida. Tsofaffinmu ba sa rabuwa da maganin ciwon gwiwa da ciwon baya, kuma diclofenac da ibuprofen suna tayar da hawan jini, suna taɓa ƙoda, musamman idan aka haɗa su da maganin hawan jini irin lisinopril da maganin da ke sa yawan fitsari. Akwai kuma haɗin nan na ciwon jiki da ake sayarwa a leda, wanda sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, su kuwa suna hauhawar da sukari. Ga jiƙe-jiƙe da garin magani na gargajiya, waɗanda ba kasafai ake faɗa wa likita ba. Likita mai lura zai ce a kwaso masa duk abin da take sha a jaka ɗaya, ya duba su ɗaya bayan ɗaya.

Ka kuma tambayi inda suke saro magani da yadda suke ajiye shi. Insulin da alluran rigakafi suna buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, saboda haka firij ɗin da ke jiran wutar Nepa kawai, ba sola ba janareta, ba wurin ajiyarsu ba ne, balle a ce a cikinsa ma'aikata suke sanyaya zoɓo. Lambar NAFDAC da ranar lalacewa su kasance a bayyane a jikin kwali. Ba mu manta da maganin haƙoran yara na My Pikin ba, wanda tsakanin 2008 da 2009 ya yi sanadin mutuwar yara fiye da 80 a ƙasar nan saboda gubar da ta gurɓata shi, kuma irin wannan damuwa ce ta sa hukumomi suka matsa wa dillalan magani na Sabon Gari su koma cibiyar sari ta Dangwauro inda za a iya sa musu ido.

Ra'ayina, wanda na san ba kowane likita zai so shi ba, shi ne duk inda mai rubuta magani shi ne mai sayar da shi, akwai jarrabawa. Shi ya sa za ka ga duk wanda ya je da zazzaɓi an ce masa maleriya da taifot ne. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar da maleriya ta hanyar gwaji kafin a ba da magani, kuma gwajin yatsa bai fi minti 20 ba. Shi kuwa gwajin Widal da ake dogara da shi wajen taifot, yana iya nuna alama ga mutumin da lafiyarsa ƙalau, saboda haka ba hujja ba ce ta ɗora wa tsohuwa allurai na kwana da kwanaki.

Likitan Unguwa:

Ina gaishe da Hajiya da Malam, kuma na yarda da kusan duk abin da suka faɗa. Ni ma irin wannan ƙaramin asibiti nake riƙe da shi, don haka bari in yi magana daga wancan ɓangaren teburin.

Takardu su ne matakin farko, kuma su ne mafi sauƙi. Kowane likita a Najeriya dole ne ya kasance da rajista da hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci ta ƙasa, kuma yana sabunta lasisin aiki duk shekara. Shi ma asibitin yana da tasa rajistar daban, wadda a Kano hukumar PHIMA mai kula da cibiyoyin lafiya masu zaman kansu take bayarwa, kuma ita ce ke rufe wuraren da ta samu suna aiki ba bisa ƙa'ida ba. Ka kuma tabbatar cewa mai sunan da ke jikin takardar shi ne yake zama a ofishin, domin akwai wuraren da likita ya ba da aron sunansa, sai ya leƙo da yamma bayan ya tashi daga wani aikin, wunin kuwa wani ne daban yake duba mutane. Idan ya yi ƙwarewa a fannin likitancin iyali, wanda ake horarwa a asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, to madalla, amma rashin wannan ba aibi ba ne. Sai dai takarda tana nuna cewa mutum ya halatta ya yi aikin ne kawai, ba ta nuna yadda yake yin sa.

Abin da zan auna abokin aikina da shi, da mahaifiyata zan kai masa, shi ne fayil. Likitan da ba ya rubutu kamar mai kanti ne da ba shi da littafin bashi, yana ganin yana tune da komai alhali rabi ya zube. A ziyarar farko ya kamata ya ɗauki lokaci ya tambayi tarihinta, ya rubuta maganin da jikinta ba ya karɓa a inda kowa zai gani, musamman idan ta taɓa yin ƙuraje ko kumburi bayan shan irin su Septrin ko Fansidar. A ziyara ta gaba kuma a ciro wannan fayil ɗin, ba a buɗe sabon kati ba. Mai sukari da hawan jini tana buƙatar gwajin ƙoda da na fitsari aƙalla sau ɗaya a shekara, da gwajin HbA1c da ke nuna yadda sukari ya kasance cikin kimanin wata uku, da duba ido a wurin masu ido, kuma a ce ta cire takalmi a duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsunta. Wanda bai taɓa kallon ƙafarta ba, lamba yake yi wa magani. Ka lura kuma da abin da ke faruwa da sakamakon gwaji: idan ya fito da matsala, akwai wanda zai kira ku, ko sai ranar da Allah ya sa kuka dawo? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har mutum 4 cikin 10 na iya cutuwa a irin wannan mataki na duba marasa lafiya da ba a kwantar ba, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na cutarwar ana iya kauce mata. Galibinta ba a ɗakin tiyata take faruwa ba, tana faruwa ne wajen gano ciwo da rubuta magani da shan sa.

Ga wata jarrabawa mai sauƙi. Kafin azumi, ka ga ko zai tayar da maganar da kansa. Maganin sukari irin glibenclamide yana iya faɗar da sukari ƙasa ƙwarai, ba a ma son ba da shi ga wanda ya haura shekara 60, balle tsohuwa mai azumi a zafin Kano. Ya kamata ya zauna da ku ya sauya lokutan shan magani, ya faɗa muku cewa gumi da rawar jiki da ruɗewa alamun faɗuwar sukari ne, kuma idan awon sukari ya nuna ƙasa da 70 mg/dL ta karya azumin nan take.

Sai babban al'amari, wato sanin iyaka. Ƙaramin asibiti nagari shi ne wanda yake sakin majinyaci da wuri. Idan bakinta ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe, ba wurina ba ne wurinta, kuma duk sa'ar da na riƙe ta ina ɗaura ruwa, na rage mata damar warkewa. Ka tambaye shi kai tsaye: idan abu ya fi ƙarfinku, ina kuke turawa, da wace mota, kuma kuna ba da takarda? Ka tambaya ko akwai tukunyar iskar oksijin mai iska a ciki, da allurar adrenaline ta ceton wanda jikinsa ya ƙi wata allura nan take. Wurin da ke yin allura kullum ba shi da adrenaline, wasa yake da rai.

Inda zan ɗan saɓa da Malam shi ne batun sayar da magani. Jarrabawar gaskiya ce, amma mutanenmu suna da nasu kason. Mutum zai biya kuɗin ruwa da allura ba ciniki, amma idan ka zauna da shi rabin sa'a ka yi masa bayani, ka ce ya rage gishiri da dunƙule ya ci gaba da ƙwayoyinsa, sai ya fita yana cewa likitan bai yi masa komai ba, ya nufi wani wurin. Ruwan da ake yabo kuwa, ga mai hawan jini da zuciya ko ƙodarta ta raunana, yana iya taruwa a huhu. Shawarata ita ce kada ku rufe katinta na babban asibiti. A riƙa awo da sabunta magani a unguwa, a riƙa komawa can lokaci-lokaci, kowane ɓangare yana ganin abin da ɗayan ya rubuta.

Ɗan Fagge:

Likita, maganarka ta sanin iyaka ita ce ta taɓa ni. Kawunmu ya fara da nauyin harshe da mutuwar hannu, aka kai shi wani asibitin kuɗi, aka ce taifot ne ya taɓa masa kai, aka yi ta ɗaura ruwa. Sai da muka matsa aka sake shi, kuma ko takarda ba a ba mu ba. A babban asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, an kuma makara. Da muka yi maganar kai ƙara, manya suka ce a bar wa Allah. Mun yarda da ƙaddara, amma wurin yana nan yana karɓar mutane. Shin akwai inda talaka zai kai irin wannan kuka a saurare shi?

Abban Sadiq:

Allah ya ba Kawu lafiya. Na gode ƙwarai, Hajiya da Malam da Likita, Allah ya saka da alheri. Abu ɗaya ya rage mini. Likitan nan dattijo ne da ake girmamawa a unguwa, muna haɗuwa a masallaci, kuma ina jin nauyin in ce ya nuna mini lasisinsa. Yaya ake yin irin wannan tambaya ba tare da an ɓata zumunci ba?

Likitan Unguwa:

Abban Sadiq, ba sai ka ce ya nuna maka komai ba. Asibitin da ke da rajista yakan rataye takardunsa a bango, a ɗakin jira ko a ofishin likita, sai ka karanta suna da shekara yayin da kake zaune. Idan ba ka gan su ba, kana iya zuwa ofishin PHIMA ka tambaya ko wurin yana cikin rajistarsu, ba tare da shi ya sani ba. Sauran tambayoyin kuwa ka yi su a matsayin ɗa mai neman shiri, ka ce, Likita, idan jikin Hajiya ya rikice cikin dare, me za mu yi, wa za mu kira, ina za ku tura mu? Babu likitan kirki da zai ji haushin wannan. Kafin ku je, ku roƙi likitan babban asibiti ya rubuta muku taƙaitaccen bayanin ciwonta da magungunanta da sakamakon gwaje-gwajenta na baya-bayan nan, ku yi kwafi, ku ba da ɗaya ku riƙe ɗaya.

Ɗan Fagge, Allah ya sa kaffara ne. Akwai hanyoyi, ko da yake suna buƙatar haƙuri. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowace cibiyar lafiya ajiye bayanan majinyaci, kuma kundin haƙƙoƙin majinyata da aka ƙaddamar a 2018 ya tabbatar da haƙƙin samun bayani da haƙƙin kai ƙorafi. Idan kukanku a kan asibitin ne, PHIMA za ku rubuta wa. Idan a kan aikin likitan ne, MDCN tana da kwamitin bincike da ke karɓar ƙorafi a rubuce tare da takardar rantsuwa, kuma idan ya ga akwai abin tuhuma sai ya miƙa wa kotun ladabtarwa ta likitoci, wadda take da ikon dakatar da likita ko soke sunansa daga rajista. Ku fara da tattara abin da ke hannunku, wato rasit da katin wurin da ledojin magani da rahoton babban asibiti, sannan wanda ya yi jinyar ya zauna ya rubuta ranar da aka kai shi, da abin da aka faɗa muku, da ranar da aka sake shi, tun bai fara mantawa ba.